Lasisin cibiyoyin metadon a Amurka: me ya sa doka ta bambanta daga jiha zuwa jiha

Metadon magani ne da ake ba wanda jikinsa ya kamu da ƙwayoyi dangin kodin, tiramol, heroyin ko fentanil, don ya rage masa ƙwaɗayin ƙwayar da azabar da ke biyo bayan daina ta. A Amurka ba a sayen sa a kantin magani don wannan lalura. Sai an je cibiya ta musamman, kuma cibiyar ba ta buɗe ƙofa sai ta sami shaidar hukumar SAMHSA, rajistar hukumar DEA mai sa ido kan ƙwayoyi, tantancewar wata ƙungiya mai zaman kanta, sannan amincewar jiha.

Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar mara lafiya. Dokar tarayya ta shimfiɗa mafi ƙarancin sharuɗɗa ne kawai, jiha kuma tana da ikon ƙara nata. A 2024 gwamnatin tarayya ta sassauta ƙa'idojinta. An soke sharaɗin cewa sai mutum ya shekara yana fama kafin a karɓe shi, kuma ba a hana shi magani don ya ƙi zaman nasiha. Idan likita ya gamsu, za a iya ba shi na kwana 7 ya tafi da shi gida a makonni biyun farko, na kwana 14 daga rana ta 15, na kwana 28 daga rana ta 31. Sai dai ba kowace jiha ce ta bi wannan sassauci ba. Inda tsohuwar ƙa'ida ke aiki, mutum zai riƙa sammako kusan kullum ya sha maganin a gaban ma'aikaci, abin da kan raba wasu da aikinsu, wasu kuma su bar jinyar gaba ɗaya.

Akwai jihohin da suka ƙuntata buɗe cibiyoyin ma. West Virginia ta dakatar da ba sababbi lasisi tun 2007, Wyoming kuwa har zuwa 2024 ba ta da ko ɗaya, sai dai a tsallaka wata jiha. A New York, ofishin OASAS ne ke ba da lasisin.

Kafin ku yi rajista, ku tambayi cibiyar sau nawa za a zo a mako, yaushe ake fara ba da na gida, da abin da kan sa a janye shi. Idan tafiya ta taso, a sanar da wuri don a shirya karɓar maganin a wata cibiya. Mai shirin zuwa gida ganin dangi ya tattauna da likitansa tun kafin ya sayi tikiti, domin yanke metadon farat ɗaya na iya mayar da mutum ga ƙwaya, kuma a lokacin ne haɗarin mutuwa ya fi yawa.

Idan cibiya ta yi nisa, a tambayi likita game da bufirenofin. Tun 2023 duk likitan da ke da rajistar DEA da ta dace zai iya rubuta shi, a karɓa a kantin magani.