Daga Gurbin Dara Zuwa Sojan Roba: Tarihin "Zo Ka Gwada"

Mai karatu, in aka tambaye ka sunan jarumin fim ɗin da ka fara kallo a duniya, na san ba za ka yi wata-wata ba. To amma wa ya koya maka ludo? Wa ya fara miƙa maka karta ya ce ajiye wannan, riƙe waccan? Yawancinmu mun manta, alhali akwai shi. Wasan tebur ba kamar fim ba ne da za a kunna maka ka zauna ka sha kallo. Dole sai wani ya matsa ya ba ka wuri a kan benci, ya jure wa shirmenka na farko. Tarihin wannan mutum nake so mu bi, daga ƙofar shagunan Arkilla a Sakkwato har zuwa Ingila, inda aka mayar da aikinsa sana'ar da ake ɗaukar albashi.

Bari mu fara da abin da wataƙila ba ka taɓa gani ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wasan yaƙi na 'yan mutum-mutumi. Ana shimfiɗa tebur, a jera masa tsaunuka da kangaye da itatuwa na roba, kowane ɗan wasa ya kawo rundunarsa: sojoji, dawaki, dodanni, tankoki, yawancin sojojin tsawonsu bai fi rabin ɗan yatsa ba. A warwatse ake sayen su. Kai za ka haɗa da gam, ka shafa musu fenti da ɗan buroshi. In an zo fafatawa, da tef irin na tela ake auna nisan da kowane soja zai taka, sannan a kaɗa ƙwayoyi masu fuska shida irin na ludo don a san ko harbi ya samu. Littafin dokokin kuwa ya fi littafin soyayya mai kashi uku kauri. Wa zai fara irin wannan wasa shi kaɗai? Babu. Shi ya sa tun ran gini tun ran zane, tarihinsa tarihin nuna wa baƙo ne.

A 1812 wani bafade a ƙasar Furushiya, wadda daga baya ta zama ginshiƙin Jamus, mai suna Reisswitz, ya kai wa Sarki Friedrich Wilhelm na Uku wani teburin wasan yaƙi da ya ƙirƙira. Ɗansa, ƙaramin hafsa a rundunar igwa, shi ya gyara wasan. Ya mayar da shi kan taswira ta gaske, ya yi rundunoni da 'yan guntayen ƙarfe, ɓangare ɗaya ja ɗaya shuɗi, ya sa alƙalin wasa a tsakani. A 1824 aka ba shi dama ya gwada a gaban Janar Müffling, shugaban hafsoshin ƙasar. Tsohon ya zo ne da raini, irin na babba da aka kira kallon wasan yara. Kafin a tashi ya sauya ra'ayi, ya ba da shawarar a baza wasan a cikin rundunar ƙasar. Da Furushiya ta lallasa Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin sauran ƙasashe suka shiga neman sanin wannan wasa. Ka ga abin da zama ɗaya da baƙo ya haifar.

Wanda ya fito da shi daga bariki ya kawo shi falo kuwa marubuci ne, don haka masu karatun littafi ku matso. H.G. Wells, mai littafin The War of the Worlds da aka yi ta mayarwa fim, ya buga wani ɗan littafi a 1913 mai suna Little Wars, na dokokin yaƙi da sojojin wasan yara. Lokacin sojan dalma ya yi araha, saboda tun 1893 kamfanin William Britain ya gano yadda ake zuba shi da rami a ciki. A wasan Wells babu lissafi mai yawa. Wata 'yar igwa ce mai sifirin, ka harba ɗan itace, sojan da ya faɗi ya mutu. Manya masu gashin baki suna rarrafe a ƙasa suna gardama! Jarumin finafinan ban tsoron nan na Ingila, Peter Cushing, yana cikin masu wannan wasa, har da tarin sojojin da ya yi wa fenti da hannunsa.

Yanzu mu dawo gida, don mu ma ba a bar mu a baya ba wajen yaƙin zaune.

Arkilla tana yammacin birnin Sakkwato, a ƙaramar hukumar Wamakko, ta wajen hanyar Kalambaina inda kamfanin siminti yake. Unguwa ce da birni ya tarar da ƙauye: ga tsofaffin gidaje, ga rukunin gidajen gwamnati, ga ma'aikata da ɗalibai da baƙi daga ko'ina. A irin wannan wuri majalisa ba ta rasa gindi, ko ƙofar mai shayi, ko rumfar tela, ko inuwar dogon yaro kusa da mai kanti. Kuma tsohon wasan majalisa a ƙasar Hausa shi ne dara.

Dara iri-iri ce. Akwai mai gurabe 12 da ake zagaya 'ya'ya a ciki, 'yar'uwar ayo ta Yarabawa. Wadda nake nufi ita ce ta maza, mai gurabe 30, layi 5 kowanne da gurbi 6, wadda ake tona wa a ƙasa. Kowa yana da 'ya'ya 12, ko ɗiya kamar yadda Basakkwace zai ce. Wannan ya riƙi guntayen kara, wancan tsakuwa. Da farko ana dasawa ne ɗaya bayan ɗaya har a bar gurabe 6 kacal a buɗe, kuma ba a yarda ka jera uku a lokacin dasawa ba. Sannan a fara tafiya, taki ɗaya gaba, baya ko gefe, ban da karkace. Duk sa'ad da ka jera uku a layi ka ci, sai ka ɗauke ɗa ɗaya na abokin karawarka. Wanda 'ya'yansa suka kasa uku ya faɗi. Gwanin gaske shi ne mai kafa tarkon da duk motsin da ya yi ci ne, ya buɗe nan ya rufe can, kana kallo ana kwashe ka ba yadda za ka yi. Ana samun 'yan bambance-bambance daga gari zuwa gari, amma gangar jikin kenan. Zabarmawa a Nijar suna da irinta, suna kiran ta dili. Wani Bature masanin wasanni, R.C. Bell, ya kawo bayaninta a littafinsa na 1960, ya danganta ta da Dakarkari na ƙasar Zuru. Shigarta cikin jinin Bahaushe kuwa ba sai an kawo shaida ba. Har yau in makirci ya juya kan mai shi cewa ake dara ta ci gida.

To yaya ake koyon ta? A nan gizo ke saƙar. Dara ba ta da makaranta, tsayuwa ake yi. Yaro zai zo a aike shi sayen sukari, ya tsaya bayan dattawa, gobe ma ya tsaya, har idonsa ya fara gane abin da ke gudana. Ba mai yi masa bayani. In ya kuskura ya sa baki a kore shi. Wata rana abokin wasan wani bai fito ba, sai a ɗaga kai a ce, "Kai yaro, taho zamna mu gani." A yi masa cin kaca, majalisa ta yi dariya, ya tashi yana kumburi. In mai zuciya ne ya dawo. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, ban musa ba. Amma a ganina hanya ce ta zamanin da yaro ba shi da wani abin kallo da ya fi wannan. Tana tace mutane ne, ba ta jawo su.

Wasannin da suka shigo daga baya ba su da wannan girman kai. Ludo asalinta wasan Indiya ne mai suna pachisi, aka sauƙaƙa ta a Ingila aka yi mata rajista a 1896. Kartar Whot wani Bature ne, William Storey, ya fito da ita a 1935, ta zo Nijeriya ta samu gida fiye da inda aka haife ta. Minti biyar ya isa a koya maka kowanne, kuma akwai sa'a a ciki, ɗan koyo yana iya kayar da gwani ranar farko. Wanda bai iya Turanci ba ma za ka ji ya daka tsawa, "Jenaral maket!" kowa ya miƙa hannu ya ɗauka. Sai dai sa'ar nan ita ce kuma ta jawo musu baƙin jini. Maganar malamai a kan wasan ƙwaya tsohuwa ce, akwai babi a kanta cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma inda duk karta ta zauna caca takan leƙo. Da Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000, caca ta zama abin da ake ɓoyewa, mai shago kuma ya koyi cewa da bakinsa, "Nan wasa muke, ba kuɗi."

Bayan su sai teburin sinuka, sai shagunan gem. A nan ne aka fara samun mai koyarwa na gaskiya a unguwanninmu, ba don Allah ba, don aljihu. Mai PlayStation ya san in bai nuna wa sabon yaro inda ake danna fasin da inda ake buga shot ba, ba zai dawo da kuɗinsa gobe ba. Har yakan bar shi ya yi wasan farko kyauta. Daidai da mai shagon hayar kaset da yake ba ka labarin rabin fim don ka ɗauka.

Wannan dabara ita wani kamfani ya riƙe ya zama hamshaƙi. A 1975 abokai uku a Landan, John Peake da Ian Livingstone da Steve Jackson, suka kafa Games Workshop. Ka san da me suka fara? Sassaƙa allunan wasa na katako, ciki har da na dara mai gurabe 12, da na wani wasan jera uku na Turawa mai kama da tamu! A 1978 suka buɗe shagonsu na farko a unguwar Hammersmith. A 1983 suka fito da Warhammer, a 1987 suka biyo da Warhammer 40,000, wanda ya kai yaƙin sararin samaniya. Hedikwatarsu tana Nottingham, shagunansu sun haura 500 a duniya, da yawansu mutum ɗaya ne ke tsaro. Babban aikin mutumin shi ne tarbar wanda bai san komai ba. Kana leƙowa zai ja ka gaban ɗan tebur da aka riga aka shirya. Ba zai buɗe littafin dokoki ba. Zai ba ka sojoji kaɗan, ya gaya maka su wane ne da abin da ya haɗa su faɗa, kamar mai ba da labarin fim, ya damƙa maka ƙwayoyi ya ce kaɗa. Doka ɗaya, ka gwada, sannan ta gaba. Cikin 'yan mintoci an gama, kuma sau da yawa za a zaunar da kai ka yi wa soja ɗaya fenti ka tafi da shi gida kyauta. Kada ka ce kirki ne ya yi musu yawa. Kayan nan tsada gare su ba kaɗan ba, sojan kyautar nan ƙugiya ce da tsutsa a baki.

Labari ne ke riƙe musu mutane, kuma nan ya kamata 'yan fim da marubutanmu su buɗe kunne. Kamfanin yana da sashen buga littattafai, Black Library, tun 1997, ya fitar da ɗaruruwan ƙagaggun labarai a kan waɗannan 'yan robobi. Da fim ɗin The Lord of the Rings ya fito a 2001, sun riga sun sayi izini, wasan ya fito tare da fim, yaran da suka fito daga silima suka cika shagunan. A Disamba 2024 suka kammala yarjejeniya da Amazon ta yin finafinan Warhammer 40,000, da jarumi Henry Cavill, wanda shi kansa ɗan wasan ne, a cikin masu shiryawa. A watan ne kuma kamfanin ya shiga jerin manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jarin Landan.

Ko a Nijeriya an fara. A Abuja akwai NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, masu ƙirƙirar wasannin tebur na gida, da wurin zama inda ake koya wa duk wanda ya shigo, da taron shekara-shekara. A 2021 suka ci kyautar Diana Jones, wadda ake ji da ita a duniyar wasanni.

Mu kuwa fa? Yaron Arkilla da ke gina doki da sa na laka bayan ruwan sama, ya jera su ya haɗa su karo, ai rabin wasan Wells yake yi, doka ce kawai babu. Labarin da za a ɗora a kai ma ba aro za mu yi ba: dawakin lifidi, 'yan sulke, 'yan baka, ganuwar Alƙalawa da ta faɗi a 1808. Amma kafin a je can, ga dara a ƙasa tana jiran mai zama. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, balle da ta zama mai shafe-shafe, yaron da aka aika sayen sukari ba ya tsayawa bayan kowa. Ludo ma ta koma cikin waya, manhajar Ludo King ta 2016 ba ta buƙatar benci, ba ta yi wa ɗan koyo dariya. Gwanin dara da ke jiran yaro ya yi wata shida a tsaye zai daɗe yana jira.

Abin da ake buƙata bai kai kuɗin kofin shayi ba. Mai shago ya tona gurabe 30 na biyu a gefe, na 'yan koyo. Dattijo ɗaya mai sanyin rai ya zauna, ya kira yaro da kansa. Kada ya fara da dasawa, don nan ne wahalar take. Ya jera wa kowa 'ya'ya biyar-biyar, ya bar gurbi ɗaya a fili inda taki ɗaya zai cika uku, ya yi shiru har yaron ya gani da idonsa, ya miƙa hannu ya ɗauke karan dattijo. Wasa na biyu sai a ƙara 'ya'ya. A na uku ne za a nuna masa dalilin da ya sa ba a son dasawa a kusurwa.