Yadda likitan maƙogwaro da kamfanin albarushi suka shigo cikin fentin kabad ɗin kicin

Hutun da ya wuce na ɓata wa Umma kabad ɗin kicin. Ni da kafintan unguwarmu muka haɗa shi, sai na ce a bar min fentin don a rage kuɗi. Na lafta shi sau ɗaya, mai kauri, a tsakar gida, cikin hunturu. Washegari ga sawun burushi, ga fenti ya zubo kamar hawaye, ƙura kuma ta manne kamar yaji a jikin tsire.

Umma ta shafa ƙofar da hannu ta ce, "Yanzu da wannan za mu tarbi dangin ango?" Saura wata ɗaya bikin Yaya fa. Haushi ya sa na shiga bincike, sai na tarar ashe mutane sun shekara ɗaruruwa suna fama da abu uku da suka kayar da ni: kauri, ƙura da gaggawa. Zare ne, ku gyara zama.

Mu fara daga Sin da Japan. Shekaru dubbai suna shafa wa akwatuna da kwanuka ƙaron wata bishiya, wanda Japanawa ke kira urushi. Ɗanyensa na sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Abin mamaki, ba iska mai zafi ke busar da shi ba, sai an sa kayan cikin akwati mai danshi yake ƙanƙamewa.

Shafi ɗaya siriri, a jira, a goge da gawayi, a sake wani. Kaya masu daraja sukan sha shafi gommai, aikin watanni. Wannan sheƙin da kake ganin fuskarka a ciki daga gugar tsakanin shafi da shafi yake fitowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da kayan suka isa Turai a ƙarni na 17, masu kuɗi suka rikice. Bishiyar ba ta ƙasarsu, sai suka kwaikwaya da nasu haɗin. A 1688 John Stalker da George Parker suka fitar da littafi sukutum a Ingila kan wannan sana'a, wadda aka raɗa wa suna daga sunan Japan.

Sai mota ta zo, a nan ne aka ji jiki. Motocin farko da burushi ake musu fenti, irin yadda ake yi wa keken doki: shafi, jira, guga, shafi. Mota ɗaya sai ta yi makonni tana jiran bushewa, alhali haɗa ta ba ya ɗaukar haka. Daga 1914 zuwa 1925 Ford baƙi kawai yake yi wa Model T, fenti mai arha da ƙarko, wanda ake gasa wasu sassan a tanda.

Yanzu ga likitan. Allen DeVilbiss, a garin Toledo na jihar Ohio a Amurka, ya gaji da dangwala wa marasa lafiya magani a maƙogwaro, sai ya ƙera ɗan abin feshi, ya kafa kamfani a 1888. A 1907 ɗansa Thomas ya ɗauki dabarar ya mai da ita bindigar feshin fenti. Wato abin da mai fentin mota ke riƙe da shi a gareji jikan maganin ciwon wuya ne. Wallahi sai da na yi dariya.

Kamfanin albarushi kuwa DuPont ne. Suna da ƙwarewa kan auduga da aka sarrafa da asid, wadda ake yin abin fashewa da ita. Daga ita suka samar da fenti mai suna Duco, kuma General Motors ta fara fesa shi a motar Oakland ta 1924, shuɗiya. Jiran makonni ya koma na awoyi. Babu gashin burushi, to babu sawunsa.

Amma wanda na fi ƙauna a labarin nan samfefa ce. A 1921 kamfanin 3M ya fara sayar da wadda ake jiƙawa da ruwa, ƙirƙirar wani Francis Okie. Ruwan na wanke garin fenti, gugar ta fi laushi, ma'aikata kuma suka rage shaƙar ƙura. A lokacin ana zuba dalma a fenti, kuma guba ce.

Wannan ba wasa ba ne, jama'a. Sai 1978 Amurka ta hana fentin gida mai dalma. Mu kuma mun ga abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinare ne. In tsohon kabad za ka kankare, jiƙa shi, rufe hanci, ka kori yara daga wurin.

To ina kicin ya shigo? A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara ɗan ƙaramin kicin don sababbin gidajen ma'aikata a Frankfurt, Jamus. Faɗinsa bai kai mita 2 ba, kabad a jere jikin bango, komai hannu na kaiwa. An yi kusan 10,000. Da yawa an yi musu shuɗi mai ratsin kore saboda an yi imani ƙuda ba ya son launin. Ƙudajenmu dai ba na jin sun samu wannan labari.

Ita ba don ado ta so shi sumul ba. Kicin wurin maiƙo da tururi ne, kuma duk ɗan rami ko sawun burushi maɓoyar datti ne. Ƙofa mai santsi tsumma ɗaya ya ishe ta. Umma ba ta san Frankfurt ba, amma abin da hannunta ya duba kenan.

Na koma na kwance ƙofofin, na cire hannayensu, na goge aikina na farko tas. Ba ni da bindigar feshi, sai na bi hanyar Japanawa iya ƙarfina. Na shiga ɗakin da babu kowa, na yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, na rufe taga lokacin bushewa kawai, don warin fenti a rufaffen ɗaki na iya kwantar da mutum. Na shimfiɗa ƙofofin a kwance, yadda fenti ba zai gangaro ba.

Shafin share fage ɗaya, sannan uku sirara. Tsakanin kowanne kwana guda, da guga da samfefa mai lamba 320, da share gari da tsumma mai ɗan danshi. Kwana shida ya ci ni, kafinta yana ta min tsiya wai da shi na ba wa da tuni an wuce wurin.

Ranar kamu wata gwaggon ango ta tambayi Umma a wane shago aka sayo. Ƙofar ƙasa ta hagu dai akwai gashin burushi ɗaya da ya maƙale a ciki, sai ka durƙusa za ka gan shi. Autarmu ta riga ta gano, kuma tana nuna wa duk baƙon da ya shigo.