Manhajar Ces a Hannun Matashin Karkara: Yadda Ya Kamata a Yi Nazari da Ita

Manomin da ya taso daga gonar rake a Makarfi, ko gonar tumatir a Ikara da Kudan, ya san dara: ramuka 30, 'ya'ya 12 ga kowane ɓangare, burin kowa ya jera uku. Ana koyon ta ne a dandali, ta hanyar kallo da muhawara bayan an tashi wasa. Wasan ces, wanda ya samo asali daga Indiya ya ratsa Farisa da ƙasashen Larabawa, yanzu yana shigo wa matasan yankin ta wayar hannu, kuma ya zo da abokin nazarin da ya fi kowane ɗan Adam ƙarfi, wato na'urar lissafin ces. Abin da wannan maƙala ke kare shi ne cewa amfanin wannan aboki ya dogara ga lokacin da aka tuntuɓe shi.

Ƙarfin na'urar ba abin gardama ba ne. A 1997 kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke zakaran duniya Garry Kasparov. A 2017 manhajar AlphaZero ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta. Yau manhajar Stockfish kyauta ce, tana aiki a dandalin Lichess, kuma ta manhajar DroidFish ana iya amfani da ita ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga mai ƙarancin kuɗin data.

Sai dai na'ura lamba take bayarwa. Idan ta nuna +1.0, tana nufin fari ne ke da rinjaye, amma ba ta bayyana dalili. Wanda ya kunna ta tun farko zai haddace motsi, ya kasa samar da irinsa a gaban abokin karawa. Tsarin da ya dace shi ne irin na makarantar allo: ɗalibi ya rubuta allonsa da hannunsa, sannan ya kai wa malam ya duba. Ɗan wasa ya fara rubuta motsin da ya zaɓa da dalilinsa, da abin da yake tsoro daga abokin karawa, kafin ya buɗe manhaja.

Bayan nan akwai ƙa'idoji uku. Na farko, a sa ta nuna zaɓi uku maimakon ɗaya, domin sau da yawa tazarar da ke tsakaninsu ƙarama ce, kuma na biyun ya fi sauƙin fahimta ga mutum. Na biyu, a ba ta lokaci ta zurfafa, domin waya mai arha ba ta kai zurfin lissafi nan take, hukuncin daƙiƙa biyu kuma yana iya sauyawa. Na uku, a yi mata gardama: a buga motsin da ta ƙi, a ga yadda za ta hukunta shi. A nan ne ilimi yake. A ƙarshen wasa kuwa, duk matsayin da 'ya'yansa ba su wuce 7 ba an riga an warware shi a rumbun bayanai, amsarsa tabbatacciya ce.

Za a iya cewa wanda ba shi da mai horarwa ba shi da zaɓi sai dogaro da na'ura. Aikin Tunde Onakoya, wanda ya kafa Chess in Slums Africa a Legas a 2018, ya nuna akasin haka: yara sun bunƙasa ne saboda sun sami allo, abokan wasa da mutum mai yi musu bayani.

Don haka kira ga malaman sakandare na Ikara, Makarfi da Kudan shi ne su kafa ƙungiyoyin ces, ɗalibai su yi nazarin wasanninsu tare, da fatar baki, a bar wayar ta zama ta ƙarshe da za ta yi magana.