Tarihin Gasar Tirayal ta Babura da Aikin Masu Lura da Ita

Gasar tirayal wani reshe ne na wasannin babur wanda aka haifa a ƙasar Birtaniya a farkon ƙarni na ashirin, kuma ta sha bamban da sauran 'yan'uwanta ta wannan fuska, cewa galibi gudu ba ya ba mutum galaba a cikinta. Abin da ake nema ga mahayi shi ne ya ratsa wani ɗan taƙi na ƙasa mai wuya, ko duwatsun cikin rafi, ko saiwoyin itace, ko gangare mai santsi, yana tsaye bisa matakan baburinsa, ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Irin wannan ɗan taƙi shi ake kira sashe, kuma a bakin kowane sashe akwai mutum guda, wato mai lura, wanda ke ƙidaya kurakuran mahayi yana rubutawa. Wanda ya fi kowa ƙarancin maki a ƙarshen yini shi ne zakara. Tun da yake galibi babu agogon da zai raba gardama a nan yadda yake yi a tsere, hukuncin gasar dukansa ya rataya ne a kan shaidar waɗannan masu lura, saboda haka tarihin wasan da tarihin aikinsu suka zama abu guda.

Asalinta

A zamanin da babur yake sabon abu, lokacin da galibinsu da bel na fata ake juya ƙafarsu ta baya, da yawa kuma ba su da giya sai ɗaya, har mahayi kan sauka ya tura in ya tarar da tudu, tambayar da ke bakin mai saye ita ce ko wannan na'ura za ta kai shi inda ya nufa ta kuma komo da shi. Domin amsa wannan tambaya aka ƙago gasar gwada ƙarkon babur, inda masu ƙera babura ke aika hajarsu ta yi tafiya mai nisa bisa hanyoyi marasa kyau, ana rage wa mahayi maki in ya makara, ko ya kasa hawan wani tudu, ko aka tarar wani abu ya karye a jikin babur. A 1903 aka kafa ƙungiyar da daga baya, a 1907, ta zama Auto-Cycle Union, wadda har yau ita ke riƙe da ragamar wasannin babur a mafi yawan Birtaniya. A 1904 kuma aka kafa a Faris ƙungiyar ƙasashen duniya wadda yanzu ake kira FIM, a shekarar nan kuma wani kulob mai suna Motor Cycling Club ya fara shirya tafiya daga Landan zuwa Edinbara.

A ƙasar Sikotilan, inda duwatsu suka yi yawa, hanyoyi kuma suka yi ƙaranci, aka shirya gasar kwana biyar a 1909, aka mai da ita kwana shida a 1910, daga 1911 kuma kulob ɗin Edinburgh and District Motor Club ya ɗauki nauyinta, bai kuwa sauke ba har yau. Ita ce Gasar Kwana Shida ta Sikotilan, uwar dukan gasannin tirayal. A 1914 kuma Alfred Scott, mai masana'antar babura a lardin Yorkshire, ya ƙalubalanci ma'aikatansa da su ratsa ƙungurmin daji da fadamun lardin a kan babur. Mutum 14 suka tashi, 9 suka kai ƙarshe, daga nan aka sami gasar Scott, wadda ake ɗauka ta fi kowace gasar yini ɗaya wahala.

Sannu a hankali babura suka yi ƙarko, aka sa musu sarƙa da kuloci da giya uku ko huɗu, har ya zamana mahaya da yawa suna gama tafiya babu wanda ya rasa maki ko ɗaya, masu shiri kuwa ba su da hanyar fifita wani a kan wani. Sai suka koma neman wurare mafi muni, suka ajiye mutum a kowane wuri ya duba, ba ko babur ya hau kawai ba, har da yadda mahayi ya hau da shi, ko ya dafa ƙasa da ƙafa, ko ya tsaya. Ta haka jarrabawa ta tashi daga kan na'ura ta koma kan ɗan Adam. A 1932 ne Gasar Sikotilan ta fara fitar da zakara guda ɗaya, Bob MacGregor, ɗan ƙasar, a kan babur ƙirar Rudge. Ɗaya reshen kuwa, wanda ya riƙe agogo da doguwar tafiya, ya bi tasa hanya daga Gasar Kwana Shida ta Ƙasashen Duniya da aka fara a Carlisle a 1913, har ya zama wasan da ake kira enduro.

Ƙa'idar maki da aikin mai lura

Ƙa'idar da aka daidaita a kanta mai sauƙin faɗi ce. Mahayin da ya wuce sashe sumul ba a rubuta masa kome sai sifiri. In ƙafarsa ta taɓa ƙasa sau ɗaya, maki ɗaya. Sau biyu, maki biyu. Sau uku ko fiye, ko da ya yi ta dangwala ƙafa har ƙarshen sashe, maki uku. In kuwa ya faɗi, ko ya sauka daga babur, ko ya koma da baya, ko ya ƙetare iyakar da aka shata, ko ya karya alama, to ya kasa ke nan, maki biyar. Ana ɗaukar mahayi ya shiga sashe daga sa'ad da tsakiyar ƙafar gaba ta babur ta wuce allon farawa, ba ya kuma fita sai ta wuce allon ƙarewa. A al'adar Birtaniya ana kafa jar alama a hannun dama, shuɗiya a hagu. In mutum biyu suka yi kunnen doki, sai a duba wanda ya fi yawan sifiri.

Amma zartar da wannan ƙa'ida a fili ya fi faɗinta wuya nesa ba kusa ba, domin mai lura, wanda galibi ɗan sa kai ne, tsohon mahayi ko mahaifin wani mahayi ko matarsa, yakan wuni tsaye a gefen rafi cikin ruwan sama da sanyi, da allo da fensir a hannu ko abin huda kati, wajibi ne kuma ya zaɓi matsayin da zai ga sashen daga farko har ƙarshe, ya tabbatar mahayi ɗaya ne a ciki a lokaci ɗaya, ya yanke hukunci cikin ƙiftawar ido a kan ƙafar da wani dutse ya kare masa ganinta. Mahaya suna da izinin ajiye babur su taka sashen da ƙafa kafin su shiga, su nazarci inda za su bi, amma ba su da izinin gusar da dutse ko gyara hanya, hana su yin haka kuwa yana cikin amanar mai lura. Abin da malaman fiƙihu suka sharɗanta ga shaida, wato adalci da tabbatar da abin da ido ya gani, shi ne ainihin abin da ake bukata gare shi, tare da sharaɗi na uku, cewa mudun da ya auna wa mahayin farko da safe shi zai auna wa na ƙarshe da la'asar. Bisa ga wannan ne dokokin wasan suka ɗauki maganarsa a kan abin da ya auku a sashe a matsayin hujja, suka kuma sanya horo a kan mahayin da ya tsaya jayayya da shi.

Darajar wannan shaida ta bayyana a 1961, shekarar da Gordon Jackson ya ci Gasar Sikotilan a kan babur ƙirar AJS da maki ɗaya tak cikin kwana shida, saboda ƙafa guda da ya ajiye a wani tudu mai suna Grey Mare's Ridge. Da mai lura na wannan wuri ya kau da kai, da tarihi ya rubuta abin da bai auku ba.

Sauyin babur da saɓani a kan tsayawa

Har farkon shekarun 1960 manyan baburan Ingila masu nauyi, irin su AJS da Ariel da BSA, su ke mulkin wannan fage. Sammy Miller, mutumin Belfast, wanda ya riƙe kambun Birtaniya sau 11 a jere, ya shahara a kan wani Ariel da ya yi ta rage wa nauyi da hannunsa. Amma a ƙarshen 1964 ya tafi Kataloniya ta ƙasar Sifen, ya haɗa kai da Francesc Bultó, mai kamfanin Bultaco, suka fito da ƙaramin babur marar nauyi mai suna Sherpa T. Da shi Miller ya ci Gasar Sikotilan a 1965, karo na farko da babur na wata ƙasa ya yi haka, cikin 'yan shekaru kuwa kamfanonin Sifen, Bultaco da Montesa da Ossa, suka gaje fagen. A 1974 Mick Andrews ya ci gasar a kan Yamaha ta Japan. A wannan tsakani wasan ya bazu a Turai: an fara kofin Henry Groutars a 1964, ya zama gasar Turai a 1968, ya zama gasar duniya a 1975, wadda Martin Lampkin na Yorkshire ya fara ci. Bayansa aka yi Yrjö Vesterinen na Finlan, da Bernie Schreiber na Amurka a 1979, da Eddy Lejeune na Beljiyam, da Jordi Tarrés na Sifen wanda ya ci sau bakwai, da Dougie Lampkin ɗan Martin wanda shi ma ya ci sau bakwai daga 1997 zuwa 2003, sa'an nan Toni Bou wanda ya karɓi kambu a 2007 ya riƙe shi fiye da shekara goma sha biyar a jere. An buɗe gasar duniya ta mata a 2000, Laia Sanz ta Sifen ta ci ta sau 14.

Kowane ci gaba da babur ya samu ya ƙara wa mai lura nauyi. Baburin tirayal na yau bai wuce kilo saba'in da 'yan kai ba, ba shi da wurin zama na kirki, tayoyinsa masu taushi ne da iska kaɗan don su rungumi dutse. Mahaya kuma, musamman daga shekarun 1980, sun koyi tsayawa cak ba su sauke ƙafa ba, su daka tsalle da ƙafar gaba ko ta baya su gyara tsayuwa, sa'an nan su haye dutsen da ya fi tsawon mutum. Nan saɓani ya tashi tsakanin ma'abota wasan, ya kuma daɗe bai kwanta ba. Jama'a guda suka ce asalin wasan tafiya ce ba yankewa, saboda haka duk wanda ya tsaya ya kasa. Wata jama'a ta ce tsayawa da tsalle gwaninta ce sabuwa wadda bai kamata a haramta ta ba. Da aka halatta tsayawa sai mahaya suka riƙa daɗewa a sashe, layi ya yi tsawo, har aka yanka musu lokaci, minti ɗaya da rabi a wasu shekarun gasar duniya, aka kuma ƙara mutum mai riƙe agogo da usur. Sassan kuma suka yi hatsarin da sai kowane mahayi ya zo da mataimaki mai tare shi in zai faɗo. Da FIM ta maido da haramcin tsayawa a 2013, sai nauyin ya koma kan mai lura ta wata fuska, tun da rarrabe babur da ya tsaya da wanda ke rarrafe a hankali al'amari ne na ijtihadi, masu lura biyu kuwa suna iya saɓawa a kansa da kyakkyawar niyya. Gasar Sikotilan tana nan a kan mazhabar rashin tsayawa. Gasar cikin zaure, wadda aka fara a Barsalona a 1978 da duwatsu da gungume da aka jera da hannu, ta halatta tsayawa.

Shirya gasa

Shirin gasa yana farawa ne da ƙasa, domin kusan kowane sashe a gonar wani yake, ko makiyayar tumakinsa, ko gandun daji na hukuma, kulob kuwa ba ya kafa tuta sai da yardar mai wuri, ba ya kuma samun yardar baɗi sai in an rufe ƙofofin shinge an kwashe shara bana. Daga nan a nemi izinin ƙungiyar ƙasa, wanda ke zuwa tare da inshora, in kuma hanyar za ta bi titin jama'a, a sanar da hukumomin da doka ta ambata. Shugaban fili shi ne ke zaɓen sassa, ya kafa alamomi, ya ware hanya mai wuya ga gwanaye da mai sauƙi ga masu koyo, gwanintarsa kuwa ita ce ya shata sashen da zai karɓi maki daga gwani ba tare da ya raunata ɗan koyo ba, yana tuna cewa dutsen da ke bushe da safe zai yi santsi bayan babura ɗari sun shafa masa laka. Sakatare yana karɓar sunaye da kuɗin shiga, mai duba babura yana gwada birki da ƙarar salansa, wakilan ƙungiya kuma suna sauraron ƙara in ta taso.

Girman wannan aiki ya fi bayyana a manyan gasanni biyu. Ta Sikotilan, wadda ta tare gaba ɗaya a garin Fort William tun 1977, ana yin ta a farkon watan Mayu, da mahaya kusan 280 waɗanda ake fitarwa ta ƙuri'a saboda yawan masu nema, kowannensu yana ratsa sassa 30 a yini, a tafiyar da takan kusanci mil ɗari. Ba a fasa ta ba sai don yaƙe-yaƙen duniya biyu, da cutar dabbobi ta 2001, da annobar 2020 da 2021. Ta Scott kuwa, wadda kulob ɗin Richmond ke shiryawa a kwarin Swaledale tun 1991, tana da sassa 76 a cikin fiye da mil 80, ana haɗa makin sassa da na lokaci, ribar da aka samu kuma ana raba ta sadaka ga ƙungiyoyin taimako na yankin, abin da ya ƙarfafa zumunci tsakanin kulob da manoman da ake bi ta ƙasarsu.

A zamanin nan an shigo da babura masu aiki da lantarki, waɗanda FIM ta buɗe musu kofi a 2017, a manyan gasanni kuma ana aika maki ta na'ura nan take. Duk da haka na'urar tana isar da abin da mutum ya gani ne kawai, kuma babbar damuwar ƙananan kulob a yau ita ce ƙarancin masu sa kai, har wasu sukan raba mahaya rukuni-rukuni su riƙa rubuta wa juna maki bisa amana. Kulob na iya samun fili da izini da mahaya ɗari, amma yawan sassan da zai iya buɗewa ranar gasa bai wuce yawan mutanen da suka yarda su tsaya su yi shaida ba.