Tarewa da Jiran Miji a Ƙasar Haɗejiya

Tarewa, wato komawar amarya gidan mijinta, ba lallai ba ne ta zo rana ɗaya da ɗaurin aure a ƙasar Haɗejiya ta dā, domin shari'a ta yarda wakilin ango ya karɓi aure daga waliyyin amarya a gaban shaidu ko da angon ba ya gari, amma dangin mace ba sa sakin 'yarsu sai sun tabbata yana da ɗakin ajiye ta da hatsin ciyar da ita. A garuruwan fadama irin su Auyo da Guri da Kirikasamma, kogi ne yake yanke wa'adin, don sai ambaliya ta janye, an yanke shinkafa, an sayar da busasshen kifi, sannan a yi jere a kai amarya.

Jiran ya fara tsawo ne da maza suka riƙa yin nisa. Layin dogo da ya ratsa Malam Madori ya isa Nguru a 1930 ya sauƙaƙa cin rani, sannan madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) suka rage ruwan da ke malala a fadama, masunta da manoma da yawa suka nemi abinci a Baga da Legas da Saudiyya. Fiƙihun Malikiyya bai bar matar matafiyi a rataye ba: idan ya tafi bai bar mata abin ci ba tana iya neman alƙali ya raba auren, idan kuwa labarinsa ya ɓace gaba ɗaya, wanda malamai ke kira mafƙudi, akan yanke mata shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, ta ƙara da takabar wata 4 da kwana 10.

A yau wanda ya zauna a ƙasar waje ba surukai kaɗai yake gamsarwa ba kafin matarsa ta tare. Birtaniya ta shar'anta tun 2010 cewa matar ta ci jarrabawar Turanci, a 2012 ta wajabta wa mai ɗauko matarsa samun fam 18,600 a shekara, a Afrilun 2024 ta mayar da shi 29,000, kuma dokarta ta 1988 ta hana shigo da mata ta biyu muddin uwargida ta riga ta zauna can. Sharaɗin kuɗin bai yi nisa da tsohuwar tambayar surukai ba, sai dai su surukai sukan duba hali da asali su yi sassauci. Amurka kuwa ta dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya daga Fabrairun 2020 zuwa Janairun 2021, har da matan 'yan ƙasarta, kuma a cikin waɗannan watanni matar da abin ya shafa tana gidan iyayenta, babu alƙalin garinsu da ke da ikon yanke mata wa'adi.