Tarihin Binciken Ƙarƙashin Ƙasa a Yankin Gwandu da Kalgo

Ƙasar Gwandu da Kalgo na cikin faffaɗan kwarin da masana ke kira Kwarin Sakkwato, wanda ya miƙe har cikin Jamhuriyar Nijar. Yashi ne da yumɓu shimfiɗa bisa shimfiɗa, sai tsaunuka masu shafaffen kai waɗanda marmara ta rufe samansu. Tun kafin zuwan Turawa mutanen yankin sun san amfanin wannan ƙasa. Maƙera sun san inda ake samun tama, masu ginin tukwane sun san ramin yumɓu mai kyau, masu haƙar rijiya kuma sun san gaba nawa za a yi kafin a cim ma ruwa. Sai dai ilimin na baka ne, ɗa ke gadonsa daga uba.

Rubuta shi a takarda ya fara ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903. A 1904 aka kafa ayarin binciken ma'adinai na Arewa, wanda John Falconer ya jagoranta. Duwatsun da ayarin ya tsinto, Landan ake aika su domin gwaji, kuma can ake buga sakamakon. A 1919 aka kafa Hukumar Binciken Ƙasa ta Nijeriya, wadda daga baya ta zauna a Kaduna. Rahotanninta biyu ne suka aza harsashin sanin Lardin Sakkwato: na Raeburn da Tattam a 1930, da na Brynmor Jones a 1948. Sannu a hankali aka rarrabe shimfiɗun kwarin, aka sa musu sunayen garuruwa irin su Gundumi, Illo, Wurno, Dange da Kalambaina. Ta saman su duka ita aka ba sunan Gwandu, kuma da shi masanan duniya suka san ta har yau.

Amfanin waɗannan bayanai bai jima ba ya bayyana. Dutsen siminti na Kalambaina shi ya jawo kafa kamfanin siminti na Sakkwato a 1962. A ɓangaren Gwandu kuwa, babbar dukiyar da aka gano ruwa ce. Cikin shekarun 1960 ma'aikatan hukumar suka haɗa hannu da takwarorinsu na Amurka, suka haƙa rijiyoyin gwaji a sassan lardin. Rahoton Anderson da Ogilbee na 1973 ya nuna cewa shimfiɗar Gwandu tana ƙara kauri yayin da aka nufi arewa maso yamma, har ta kai kusan mita 300 wajen iyakar Nijar. Ya kuma nuna cewa yashin ƙasanta na riƙe da ruwa wanda yumɓu ya danne, shi ya sa a wasu fadamun kwarin, in burtsatse ta huda yumɓun, ruwan kan tunkuɗo da kansa ba tare da famfo ba.

Matsalar ita ce inda bayanan suke kwana. Shekaru da dama taswirori da rahotanni na cikin kabad a Kaduna, da Turanci, mai bukata sai ya yi tattaki. Sauyi ya zo ne da zamanin kwamfuta. Dokar 2006 ta ba hukumar cin gashin kanta, dokar ma'adinai ta 2007 kuma ta damƙa bayar da lasisi ga ofishi guda. Tsakanin 2003 da 2010 jiragen sama masu na'urorin auna maganaɗisu suka keta ƙasar, aka adana sakamakon a fayilolin da jami'o'i da kamfanoni ke nema daga hukumar. A ƙarshen wannan lokaci ne aka soma gwajin sinadaran lakar rafuka da taimakon masana daga Ingila da Finlan, aka fara da yankin Minna da kudu maso yamma. Shi kuwa rahoton 1973, yanzu kowa na iya sauke shi kyauta a intanet.

Gwajin sinadarai bai tsaya ga neman arziki ba. Gubar dalma da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan masu haƙar gwal na Zamfara a 2010 ta nuna cewa sanin abin da dutse ya ƙunsa na iya ceton rai. Jihar Kebbi ma tana da masu haƙar gwal a ƙasar Yawuri, don haka darasin ya shafe ta.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, tana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, daf da tsaunukan da aka daɗe ana nazarinsu. Bayanan da aka shafe fiye da ƙarni ana tarawa ba za su cika amfaninsu ba sai sun isa ga ƙananan hukumomi, masu haƙar burtsatse da manoman rani, cikin harshen da suke fahimta.