Allura da Faifai

Jama'a, wajen 1975 a unguwar Bronx ta birnin New York, wani yaro mai laƙabin Grand Wizzard Theodore ya dafe faifan garmaho, ya riƙa tura shi gaba da baya a ƙarƙashin allura. Wannan ƙarza ita ta zama sabon kiɗa, har Herbie Hancock ya sa ta a "Rockit" a 1983.

Amma fa ƙarza cinye layin faifai take yi. Ni da na nemi littafina na farko ko kwafi ɗaya na rasa, na san zafin abin da ya ɓace. Don haka a ganina, faifan da ya cika kasuwa a ƙarje shi son rai. Wanda ya yi wuyar samu kuwa, a naɗi sautinsa, a killace shi.